Dara da Hatimi a Ajin Lissafi

A kasuwar Kakuri za ka ga yarinya mai tallar gyaɗa an miƙa mata ɗari biyar, ta cire kuɗin ƙulli uku, ta ba da canji kafin mai saye ya gama lalube aljihu. Washegari a rubuta mata wannan lissafin a allo da Turanci, sai ta yi zuru. Kanta ƙalau yake. Hanyar da aka biyo da darasin ce baƙuwa gare ta.

Alhali muna da kayan koyarwa a gida. Dara gurabe talatin ce, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa, jerin huɗu kuwa ba ya ci. Yaron da ya haƙa guraben da hannunsa ya riga ya san 5 sau 6, kuma wasan zai tilasta masa hango motsi biyu ko uku gaba.

Hatimi ya fi wannan zurfi. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimin da gidajensa mara ne, kamar uku-uku ko biyar-biyar. Mafi ƙanƙanta gida tara ne: a zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Me ya sa 15? Jimillar lambobin 45 ce, layuka uku suka raba ta. Bar yara su yi ta gwadawa da tsakuwa, da kansu za su gano cewa ban da 5 babu lambar da ke zama a tsakiya.

Wasu iyaye za su ɗaga gira, don an san hatimi da laya da rubutun sha. A Barnawa ko Sabon Tasha, inda ɗan Bagwari, ɗan Bajju, ɗan Ibo da ɗan Bahaushe ke zama benci ɗaya, dole malami ya yi hattara: lambobin kawai zai ɗauko, ya bar batun asiri ga masu shi. Dara ba ta da wannan matsalar. Ƙasa ce da tsinke da tsakuwa, ko makarantar da ba ta da alli tana da su.