Wasan Taurari a Amurka: Wa Ya Kamata Ya Zaɓi Gwanaye?

A kowace shekara idan watan Yuli ya kama, wanda shi ne tsakiyar lokacin zafi a ƙasar Amurka, ƙungiyoyin wasan besbol sukan dakatar da gasarsu ta ƴan kwanaki domin a yi wani wasa guda ɗaya da ake kira Wasan Taurari. Wasan kansa na sada zumunci ne, ba a ɗaukar kofin shekara da shi. Amma makonni kafin ranar, gardama takan cika jaridu da gidajen rediyo da wuraren shan shayi a bisa tambaya ɗaya: su wane ne gwanayen da suka cancanci shiga fili, kuma wa yake da ikon faɗi?

Ga mai karatun da bai saba da wannan wasa ba, ga yadda yake a taƙaice. Ƙungiyoyi biyu ne suke karawa, kowace da mutum 9 a fili. Mai jifa yakan wurgo ƙwallo ƙarama mai tauri, mai bugu kuma ya tare ta da kulki. In ya buge ta sai ya sheƙa da gudu ya bi ta tashoshi uku ya komo inda ya tashi, sa'an nan a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Ana yin turmi 9, in an yi kunnen doki a ƙara. Manyan ƙungiyoyin sun rabu rukuni biyu, rukunin Nashanal da aka kafa a shekara ta 1876 da rukunin Amerikan na shekara ta 1901. Yanzu ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana yin wasa 162 daga bazara zuwa ƙarshen Satumba. A Wasan Taurari, zaɓaɓɓun rukuni ɗaya ne suke fuskantar zaɓaɓɓun ɗayan.

Wani ɗan jarida ne ya ƙago shi, Arch Ward, shugaban sashen wasanni na jaridar Chicago Tribune. A shekara ta 1933 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ƴan kallo sun ragu, birnin Shikago kuma yana karɓar babban bikin baje kolin duniya. Ward ya kawo shawarar a tara gwanaye wuri guda, masu karanta jaridu su zaɓe su da ƙuri'a. An yi wasan ranar 6 ga Yuli a filin Comiskey gaban mutum fiye da dubu 47. Babe Ruth, wanda shekarunsa 38 a lokacin, ya buga ƙwallo ta tsallake shinge, rukunin Amerikan ya ci 4 da 2. An shirya shi ne da nufin a yi sau ɗaya, sai ga shi ya zama al'ada. Sau biyu kaɗai aka fasa shi: a 1945 saboda yaƙin duniya, da 2020 saboda annobar korona.

Tun daga farko magabatan wasan ba su saki jiki da ƙuri'ar jama'a ba. Daga 1935 zuwa 1946 masu horar da ƙungiyoyi ne suke zaɓe. A 1947 aka mayar wa ƴan kallo ƙuri'arsu, kuma a 1949 suka zaɓi Jackie Robinson, baƙar fata na farko da ya keta shingen wariyar launi a manyan ƙungiyoyin zamani. A wasan wannan shekarar, a unguwar Buruklin ta birnin Niyu Yok, baƙaƙen fata huɗu suka shiga fili: shi da Roy Campanella da Don Newcombe da Larry Doby.

Babbar rigima ta tashi ne a shekara ta 1957, a birnin Sinsinati na jihar Ohayo. A lokacin babu dokar da ta hana mutum ɗaya ya aika takardar zaɓe sau nawa ya ga dama. Wata jaridar birnin ta riƙa buga takardun zaɓe waɗanda aka riga aka cika da sunayen ƴan wasan ƙungiyar garin, wato Reds, aikin mai karatu kawai ya yanke ya aika. Mutanen gari suka ɗauki abin tamkar aikin gayya. Da aka ƙidaya, sai aka tarar fiye da rabin ƙuri'un sun fito daga wannan birni guda. Daga cikin gurabe 8 da jama'a suke zaɓe a rukunin Nashanal, ƴan Reds sun kwashe 7. Stan Musial na birnin Sen Luwis ne kaɗai baƙon da ya tsira da gurbinsa.

Ƙungiyar Reds ba ta rasa gwanaye ba, domin a cikinta akwai Frank Robinson, wanda daga baya ya shiga sahun manyan wasan. Amma sakamakon ya bar Willie Mays da Hank Aaron a waje, alhali duk mai bin wasan ya san babu kamarsu a wannan zamani. Aaron ma a ƙarshen wannan shekara shi aka ba lambar gwanin gwanayen rukuninsa, ƙungiyarsa ta Milwoki kuma ta ɗauki kofi. Ganin haka, kwamishinan wasan, Ford Frick, ya yi amfani da ikonsa ya cire Gus Bell da Wally Post daga masu fara wasa, ya sa Mays da Aaron. Bai tsaya nan ba, ya ƙwace ƙuri'ar daga hannun jama'a baki ɗaya. Daga 1958 zuwa 1969 ƴan wasa da masu horarwa ne suke zaɓen junansu.

Hukuncin Frick yana da hujja, amma ya yi tsanani. Mutanen Sinsinati ba su karya wata doka ba, sun dai shiga ta ƙofar da aka bari a buɗe. Maimakon a gyara ƙofar sai aka rufe gidan, laifin birni ɗaya ya shafi magoya bayan sauran ƙungiyoyi 15 har shekara 12. Masu goyon bayan kwamishinan suna cewa wanda yake fuskantar ɗan wasa a fili kullum ya fi mai zaune a kan benci sanin ƙwarewarsa. Masu sukarsa kuma suna cewa wanda ya biya kuɗin shiga shi ya kamata ya faɗi wanda yake son gani. A cikin waɗannan shekaru farin jinin wasan ya yi ƙasa, musamman daga 1959 zuwa 1962 da aka riƙa yin shi sau biyu a shekara domin ƙara kuɗi a asusun ritayar ƴan wasa.

A shekara ta 1970 sabon kwamishina, Bowie Kuhn, ya maido da zaɓen jama'a, aka rarraba katunan da ake hudawa a filayen wasa da kantuna. Nan take jama'a suka nuna suna da ido. An buga katunan tun kafin gasar ta kankama, babu sunan Rico Carty na ƙungiyar Atlanta, mutumin Jamhuriyar Dominikan, ga shi kuwa a wannan shekara babu mai bugun da ya kai shi. Ƴan kallo suka riƙa rubuta sunansa da hannu har ya samu gurbi. Haka suka yi wa Steve Garvey a 1974. Sai dai ƙauna takan rinjayi lissafi wani lokaci. A 1989 Mike Schmidt na birnin Filadelfiya ya yi ritaya a watan Mayu, amma duk da haka jama'a suka zaɓe shi, ya zo aka gabatar da shi aka yi masa tafi, bai buga ba.

Ra'ayin ƴan kallo ba a takardar zaɓe kaɗai yake fitowa ba. A 1981 ƴan wasa sun yi yajin aiki daga 12 ga Yuni zuwa ƙarshen Yuli, aka ɗage Wasan Taurari zuwa 9 ga Agusta, mutum fiye da dubu 72 suka cika filin birnin Kilibilan. Yajin aikin da ya fara ranar 12 ga Agusta 1994 kuwa ya hana wasan ƙarshe na kofin shekara, kuma da aka komo a 1995 matsakaicin yawan masu zuwa kallo ya ragu da kusan kashi 20 daga cikin 100. A 2002 kuma, a birnin Milwoki, aka kai turmi na 11 ana 7 da 7, masu jifa suka ƙare wa ɓangarorin biyu, kwamishina Bud Selig ya tsayar da wasan babu wanda ya ci. Ƴan kallo suka yi masa ihu a garinsu na haihuwa. Domin a lallashe su, daga 2003 zuwa 2016 aka sa doka cewa rukunin da ya ci Wasan Taurari shi zai samu fifikon wasa a gida a gasar ƙarshe. Da yawa suka ga rashin dacewar a ɗora makomar kofi a kan wasan zumunci, daga bisani aka soke dokar.

Tsarin da ake bi a yau raba iko ne. Jama'a suna zaɓen masu fara wasa, ban da masu jifa. Ƴan wasa da ofishin kwamishina suna cike sauran gurabe, kuma tilas kowace ƙungiya ta samu wakili ko da guda.

Wannan rabo bai hana tarihi maimaita kansa ba. A 2015 aka daina amfani da kati, zaɓe ya koma ta intanet kaɗai, kowa yana da damar jefa ƙuri'a har sau 35. Magoya bayan ƙungiyar Royals ta birnin Kansas suka yi irin gayyar da mutanen Sinsinati suka yi, har a tsakiyar watan Yuni ƴan wasansu 8 ne suke kan gaba, cikinsu da Omar Infante wanda bugunsa yana cikin mafi rauni a wannan shekara. Hukumar wasan ta ce ta soke ƙuri'u sama da miliyon 60 da ba ta amince da su ba, amma a wannan karo ba a taɓa ikon jama'a ba. Magoya bayan sauran ƙungiyoyi suka farka suka yi tasu gayyar, Jose Altuve ya wuce Infante, ƴan Royals 4 suka rage a cikin zaɓaɓɓu. An yi wasan a birnin Sinsinati. Da kaka ta zo, ƙungiyar Royals ce ta ɗauki kofin shekara.