Hanyar Ƙarfe a Duwatsun Italiya: Waya Ba Ta Hana Faɗuwa

A arewa maso gabashin Italiya akwai jerin duwatsu masu tsini da ake kira Dolomiti, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Idan zafi ya shigo, mutanen da ba su taɓa koyon hawan dutse ba sukan yi tururuwa zuwa can, ka hango su maƙale a jikin dutse, ƙafa kan sandar ƙarfe, hannu kan waya. Irin wannan hanya ita ake kira via ferrata: igiyar ƙarfe ce aka bi jikin dutsen da ita, aka kafe ta da turaku. Inda dutsen ya miƙe sak a sa tsani, inda ya tsage a rataya gada.

Tun 1843 aka kafa irinta a dutsen Dachstein na Ostiriya, a 1903 kuma aka yi wa Marmolada tata, wato dutsen da ya fi tsawo a Dolomiti, mai mita 3,343. Amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya yawaita su. Daga 1915 zuwa 1917 sojojin Italiya da na daular Ostiriya da Hangari sun ja daga a kan waɗannan tsaunuka, suka kafa tsanuka da wayoyi don hawa da abinci da harsashi, suka huda ramuka a cikin dutsen Lagazuoi. Sanyi da zaftarewar ƙanƙara sun kashe dubbai. Bayan yaƙi ƙungiyoyin masu hawan dutse suka gyara hanyoyin, suka ƙara sababbi.

Abin da ke damuna shi ne yadda sauƙin hawan ke ruɗin mutane. Mai hawa yana sa hular kwano da ɗamara, ga ɗamarar kuma an ɗaura igiya mai reshe biyu, kowane reshe da ƙugiyarsa da ake maƙalawa a wayar. In ya iso turke, sai ya cire ƙugiya ɗaya ya maƙala ta gaba, sannan ya cire ta biyun. Ba a cire su tare, ko da na ƙiftawar ido ne. To amma in ƙafa ta zame, ƙugiyar ba ta riƙe shi nan take. Sulalewa take yi a kan wayar har sai ta daki turken da ke ƙasa. Mutum zai iya faɗo mita biyar, igiyar da za ta tare shi kuwa ba ta wuce mita ɗaya ba, ga ƙarfe ba ya miƙewa. Fizgar da ke biyo baya ta isa ta karya ƙashin baya ko ta tsinke igiyar.

Maganin yana cikin wata 'yar jaka da ke tsakanin ɗamara da igiya. A cikinta an naɗe ƙyalle mai ƙarfi da aka ɗinke ninki-ninki. Da zarar fizga ta yi tsanani, sai ɗinkin ya riƙa farkewa a hankali yana shanye ƙarfin faɗuwar. Sau ɗaya take aiki, in ta farke sai a jefar. A watan Agustan 2012 wani mai hawa ya rasu a yankin Tirol na Ostiriya bayan rassan igiyarsa biyu sun tsinke, lamarin da ya sa kamfanoni da dama suka janye kayansu daga kasuwa. A 2017 Turai ta sabunta ƙa'idar gwajin, ta yadda jakar za ta yi aiki ga mai nauyin kilo 40 zuwa 120. Yaron da bai kai kilo 40 ba, dole babba ya riƙe shi da wata igiya dabam.

Sai kuma tsawa, wadda babu jakar da ke tare ta. Wayar da mutum ya ɗaure kansa da ita tana jan lantarki tun daga ƙololuwa har ƙasa, kuma a lokacin zafi hadari yakan haɗu ne da rana tsaka zuwa la'asar. Shi ya sa 'yan jagora na garin Cortina d'Ampezzo ke fita da baƙinsu tun da sassafe, in kuwa suka ga gajimare ya fara duhu, juyawa suke yi, ko da saman dutsen ya rage taku kaɗan.