Nafi'u, Bawan Da Ya Zama Tsakiyar Sarƙar Zinariya

Duk wanda ya durƙusa gaban malamin zaure da Muwaɗɗa a hannu, kunnensa ya saba da jerin nan: Malik, daga Nafi'u, daga Abdullahi ɗan Umar. Imamu Bukhari ya ce babu isnadin da ya kai shi inganci, malamai kuma suka laƙaba masa suna sarƙar zinariya. Na farko da na ƙarshe kowa ya san su. Na tsakiyar ne muke tsallakewa, har wasu ɗalibai kan ɗauka shi ne Nafi'u mai ƙira'a, malamin Warshu, alhali wancan daban ne, ya rasu a shekara ta 169 bayan hijira.

Namu ba Balarabe ba ne. Kamammen yaƙi ne da ya faɗo hannun Ibn Umar, ya yi masa hidima kimanin shekara 30. Bai rabu da gargada a Larabcinsa ba. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Ja'afar ya taya shi da kuɗi masu tsoka, Ibn Umar ya ƙi sallamawa, ya 'yanta shi don Allah. 'Yancin bai raba su ba. Yadda maigidan ke alwala, inda yake yada zango a hanyar Makka, fatawar da ya ba wa matafiyi, duk Nafi'u ya kiyaye, kuma a ganina wannan dogon zama shi ne asalin darajarsa, fiye da kaifin hadda. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz da kansa ya aike shi Masar ya koyar da sunna.

Nafi'u ba shi da sauƙin sha'ani, yana da zafin rai. Malik, yana matashi, yakan je da tsakar rana, lokacin da ko inuwa babu, ya tsaya jiran fitowarsa. In ya fito sai ya ƙyale shi ɗan lokaci kamar ba wurinsa ya zo ba, sannan ya yi sallama, ya lallaɓa ya tambayi abin da Ibn Umar ya faɗa a kan mas'ala kaza, ya janye kafin dattijon ya gundura.

Masana ruwaya sun auna Nafi'u da Salim, ɗan cikin Ibn Umar, suka tarar hadisan da suka saɓa a kai ba su taka kara sun karya ba. Da aka tambayi Imamu Ahmad wanne ya fi, bai fifita ɗan a kan bawan ba. Nafi'u ya rasu a Madina a shekara ta 117 bayan hijira, bisa zance mafi shahara.