Kimiyya da Fasaha: Abin da Ya Sa Ake Rufe Kwalba Kafin a Ɗanɗana

 A yau za mu leƙa wani taro ne da akasarinmu ba mu taɓa halarta ba, wato zaman da masu sana'ar giyar inabi kan yi a ƙasashe irinsu Faransa da Italiya da kuma jihar Kalifoniya ta Amurka, inda kowa kan zo da kwalbar da ya haɗa da hannunsa, a ɗanɗana, a ga ta wa ta fi. Na san wani zai ce, to ina ruwan biri da gada, tun da yawancin masu sauraronmu Musulmi ne da ba su kusantar barasa? Dalili shi ne, a kan wannan teburi ne masana kimiyya suka gudanar da wasu daga cikin gwaje-gwaje mafi ban mamaki a game da yadda ɗan Adam ke jin ɗanɗano. Abin da suka gano kuwa ya shafi kofin shayin da ke gabanka a yanzu haka, ko a Kumasi kake, ko Jidda, ko Landan.

To madalla. Bari mu fara da yadda zaman yake. Abokan sana'a kan taru a ɗakin ajiya na ɗaya daga cikinsu. Kafin kowa ya zauna sai a naɗe kowace kwalba da takarda, a rubuta mata lamba, yadda ba mai ganin suna ko shekara ko farashi. Kofunan gilashin duka iri ɗaya ne, kuma ba a son kowa ya shafa turare ko ya kunna taba. Mutum zai ɗaga kofin ya dubi launi, ya jujjuya shi, ya sa hanci ya shaƙa, sa'an nan ya kurɓa kaɗan, ya zuƙi iska ta tsakanin leɓɓansa, ya kuma tofar a cikin bokiti. E, tofarwa ake yi, domin wanda zai gwada kofi ashirin ko talatin in ya ce zai haɗiye, kafin a je ko'ina hankalinsa ya gushe. Tsakanin kofi da kofi akan sha ruwa a ci busasshen burodi. Kowa ya rubuta makinsa shiru, sai an gama sa'an nan a buɗe kwalabe. A nan ne akan ji dariya, wani lokaci kuma a ji kunya, don ba abin mamaki ba ne mutum ya ba giyar da ya yi da kansa maki mafi ƙanƙanta.

Me ya sa ake wannan ɓoye-ɓoye? Wani abu da ya faru a birnin Paris ran 24 ga watan Mayun 1976 zai ba mu haske. Wani Baturen Ingila mai shagon giya a birnin, Steven Spurrier, ya gayyaci ƙwararrun Faransawa 9 da su gwada giyar ƙasarsu da ta Kalifoniya ba tare da sanin wacce ce wacce ba. A wancan zamani babu mai haɗa Faransa da kowa a wannan sana'a. Amma da aka tattara maki, sai ga farar giyar kamfanin Chateau Montelena ta Kalifoniya ta zo ta ɗaya, haka ma a ɓangaren ja, ta Stag's Leap Wine Cellars ta sha gaban Mouton-Rothschild da Haut-Brion, waɗanda Faransa ke tunƙaho da su. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ɗan jarida guda ne kacal ya halarci zaman, George Taber na mujallar Time, amma labarin ya karaɗe duniya, ya kuma ɗaga darajar gonakin inabin Kalifoniya. Sai dai ka riƙe wannan a ranka, mai sauraro, domin za mu komo kansa: a ɓangaren jar giya, tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu ba ta kai maki 2 ba, ko da an haɗa makin alƙalan gaba ɗaya.

Yanzu sai mu dubi abin da ke faruwa a cikin baki. Harshe dai aikinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗanɗano 5 aka tabbatar yana rarrabewa: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da kuma wani na biyar da wani masani ɗan ƙasar Japan, Kikunae Ikeda, ya bayyana a 1908, wanda ake kira umami. Shi ne daɗin nan da kake ji a romon nama ko a miyar da ta ji daddawa. Af, kuma wannan zane da aka koya wa da yawanmu a makaranta, wai ƙarshen harshe na zaƙi ne, bayansa na ɗaci, ba gaskiya ba ne. Ya samo asali ne daga mummunar fahimtar da aka yi wa binciken wani Bajamushe, David Hänig, na shekarar 1901. Duk sashen harshen da ke da ƙwayoyin ɗanɗano yana jin dukkan biyar ɗin.

Sauran aikin na hanci ne. Idan abu yana cikin bakinka, tururin ƙamshinsa kan bi ta bayan maƙogwaro ya hau zuwa cikin hanci, inda ɗan Adam ke da na'urorin kama ƙamshi kimanin iri 400. Amurkawa biyu, Linda Buck da Richard Axel, su ne suka gano asalin waɗannan na'urori a 1991, suka kuma samu lambar yabo ta Nobel a 2004. Wannan ne dalilin jujjuya kofi da zuƙar iska, wato don a saki tururin ya kai ga hanci. Shi ne kuma ya sa in kana mura abinci ke zama salam, kuma duk wanda cutar korona ta ɗauke wa jin ƙamshi a 2020 ya san abin da nake nufi.

Akwai kuma wani abu na uku da ba ɗanɗano ba ne, ba kuma ƙamshi ba. Wanda ya saba cin goro, ko shan shayin da aka bari ya dahu da yawa, ya san baurin nan da ke sa baki ya bushe. Sinadaran da ake kira tanin ne ke manne wa furotin ɗin da ke cikin yawu, sai santsin baki ya ragu. A jar giya suna fitowa ne daga ɓawo da 'ya'yan inabi da kuma gangar katakon da aka ajiye ta. Launin ja shi ma daga ɓawon yake, domin ruwan akasarin jajayen inabi, in ka matse shi kaɗai, ba ja ba ne.

To idan ka ji ƙwararre ya shaƙi kofi ya ce yana jin ƙamshin koren tattasai ko na masoro, kada ka yi saurin cewa burga ce. Inabin Cabernet Sauvignon yana ɗauke da irin sinadarin da ke ba koren tattasai ƙamshinsa. A 2008 kuma masu bincike a ƙasar Ostareliya suka gano cewa ƙamshin masoron da ake ji a giyar Shiraz daga wani sinadari yake mai suna rotundone, wanda akwai shi a cikin baƙin masoro kansa. Abin sha'awa shi ne, kusan mutum 1 cikin 5 da suka gwada ba ya jin wannan ƙamshi sam, kome yawansa. Ka ga ke nan abokai biyu za su iya yin gardama har dare a kan kofi guda, alhali kowannensu gaskiyar abin da hancinsa ya gaya masa yake faɗa. A ɗaya hannun kuma, hancin da ya samu horo yana da kaifin da ke ba da tsoro. Akwai wani sinadari da kan ɓata giya daga toshiyar kwalba, ya sa ta warin jiƙaƙƙen kwali. Abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba, in aka narkar da shi a ruwan da zai cika tafkin ninƙaya na gasar Olamfik, mai kaifin hanci zai iya jinsa.

Matsalar tana farawa ne idan ido ya sa baki. A 2001, masu bincike uku a Faransa, Gil Morrot da Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu, sun wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi wa ɗalibai 54 masu koyon ilmin giya a jami'ar Bordeaux. An ba su farar giya da aka rina da jan launi marar ƙamshi, aka ce su bayyana abin da hancinsu ya ji. Sai ɗaliban suka shiga jero kalmomin da aka saba amfani da su wajen jar giya, irinsu ƙamshin jajaye da baƙaƙen 'ya'yan itace. Ita dai wannan giya, da aka ba su ita a launinta na asali, zuma da lemun tsami da fararen furanni suka ambata. Saboda irin haka ne a wasu gwaje-gwaje ake amfani da baƙin kofi.

Sai kuma aljihu. A 2008, Hilke Plassmann da abokan aikinta na jami'o'in Caltech da Stanford suka sa mutane 20 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna ɗura musu giya ta wani siririn bututu, suna kuma nuna musu farashi. An gaya musu iri 5 ne, alhali iri 3 ne. Ta dala 90 an ba su ita sau biyu, sau ɗaya da farashinta na gaskiya, sau ɗaya kuma aka ce ta dala 10 ce. Ta dala 5 ita ma an sake ba su ita da sunan ta dala 45. Mutanen suka ce mai tsadar ta fi daɗi. Za ka iya cewa ai kunya ce ta sa, kada a ce ba su san abu mai kyau ba. Amma hoton ya nuna cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke saman idanu, wanda ke da nasaba da jin daɗi, ya fi motsawa a lokacin da aka ambaci farashi mai tsada, yayin da sassan da ke karɓar saƙon harshe kai tsaye ba su nuna wani bambanci ba. Wato dai ba ƙarya suka yi ba. Daɗin ya ƙaru da gaske, kuma farashin ne ya ƙara shi.

To amma ko an rufe kwalbar, an gama ke nan? Wanda ya yi wannan tambaya shi kansa mai sana'ar ne. Robert Hodgson, tsohon malamin jami'a da ke da ɗan ƙaramin kamfanin giya a arewacin Kalifoniya, ya lura cewa giyarsa guda takan ci lambar zinariya a wannan gasa, ta je wata gasar ta dawo hannu rabbana. Sai ya shawo kan masu shirya gasar baje kolin jihar Kalifoniya, tun daga 2005, aka riƙa ba alƙalai kofi 3 daga kwalba guda a cikin jerin da suke gwadawa, ba tare da sun sani ba. Sakamakon da ya wallafa a 2008 ya nuna cewa alƙali 1 cikin 10 ne kawai ya iya ba kofunan uku hukuncin da ya yi kusa da juna a kai a kai. Wasu kuwa, abin da suka ba zinariya a kofin farko, sun mayar da shi can ƙasa a na gaba. Yanzu ka tuna da 'yar tazarar nan ta Paris. A ganina, da an sake zaman washegari da alƙalan nan dai, ba wanda zai iya rantsuwa cewa jerin ba zai canja ba. Abin da zaman ya tabbatar shi ne giyar Kalifoniya ta kai sa'ar ta Faransa, kuma wannan kaɗai ya isa labari.

Kuɗin da ke cikin wannan harka ba na wasa ba ne. A watan Oktoban 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Romanée-Conti ta shekarar 1945 a birnin New York a kan dala dubu 558. Inda irin wannan kuɗi yake kuwa, ba a rasa 'yan damfara. Wani mai suna Rudy Kurniawan ya shafe shekaru yana gauraya giya mai araha a gidansa da ke kusa da Los Angeles, yana manna wa kwalabe tambarin manyan kamfanoni, attajirai suna saye suna yabawa. A 2014 kotu ta ɗaure shi shekaru 10. Daga cikin abin da ya fara tona masa asiri akwai kwalaben da ya kai gwanjo ɗauke da shekarun da kamfanin bai ma fara yin irin wannan giya ba. Ita kuwa lafiya, tsada ba ta canja kome a wurinta, domin a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari.

Kai ma za ka iya jarraba harshenka a gida, da irin dabarar da kamfanonin abinci ke amfani da ita. Samu ganyen shayin nan mai tsada da kake rantsuwa da shi, da wani mai araha. Ka sa wani ya dafa su daidai wa daida, ruwa ɗaya, sukari ɗaya, zafi ɗaya, ya zuba kofi 3, biyu iri guda, ɗaya daban, ba tare da ka gani ba. Rufe idonka ka nuna wanda ya fita daban. Sau ɗaya bai isa ba, don ko da ka-cici-ka-cici mutum kan dace sau 1 cikin 3. Ku maimaita kamar sau 10 kuna sauya jerin kofunan, wani yana rubutawa. Za a iya yi da zuma, ko gahawa, ko man gyaɗa.