Horar da Sabon Malami Kafin Ya Riƙe Alli

Duk ɗalibin da ya zauna a aji a birnin Zariya, ko a Kwalejin Alhudahuda ko a firamaren unguwarsu, ya san yadda sabon malami kan yi a makonsa na farko: murya na rawa, darasi ya ƙare tun ba a kaɗa ƙararrawa ba. Sanin ilimi daban, iya koyar da shi daban.

Zariya ta daɗe da hidimar magance wannan matsala. A 1962 aka buɗe Babbar Kwalejin Horar da Malamai, a 1965 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa Cibiyar Nazarin Ilimi.

Daga cikin dabarun horon akwai "ƙaramar koyarwa", wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963. Ɗalibin malanta zai koyar da mutane kaɗan na 'yan mintoci, yana gwada fasaha guda, kamar yin tambaya ko rubutu a allo. Sai a nuna masa kurakuransa, ya gyara, ya sake. Hikimar ita ce, kuskuren da aka kama nan take ba ya zama ɗabi'a.

Sakaci da horo yana da tsada. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwajin ƙwarewa. Saboda haka ya kamata shugabannin makarantu su haɗa kowane sabon malami da gogagge mai duba shirin darasinsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.