Saƙon da ke ƙetare iyaka



Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Damagaram ya san Kongolam, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe wannan iyaka, ba a buɗe ba sai watan Maris 2024. Manyan motoci suka tsaya, ciniki ya yi sanyi. Amma gaisuwa ba ta tsaya ba. Uwa a Daura tana jin muryar 'yarta da ke aure a Matamaye, ko karatu ba ta iya ba, danna waya kawai za ta yi.

Yaya haka ke faruwa? Waya takan mai da murya ta zama lambobi, ta miƙa wa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan saƙon ya bi wayoyi zuwa manyan kwamfutocin kamfani, kamar na WhatsApp, su kuma su tura wa mai shi. Wannan haɗuwa ta kwamfutocin duniya ita ake kira intanet. Abin mamaki, saƙon da za shi ƙauyen da ke tsallaken iyaka yana iya zagawa ta wata ƙasa mai nisa kafin ya iso, duk kafin a ƙifta ido.

Muna godiya ga Allah domin wannan. Sai dai hanyar ba ta tambayar abin da aka ɗora mata. Kun sha ganin saƙon da ke cewa wani fasto na kwance asibiti, a tura kuɗi maza. An tura, an sake turawa, har ba wanda ya san bakin da ya fara faɗa.

Ikkilisiyar farko ta san wannan damuwa. Wasiƙun Bulus ma yawo suke yi: ya umarci Kolosiyawa su karanta tasu, su miƙa wa Lawudikiya. Amma ta hannun Tikikus ya aiko ta, mutumin da za a iya zaunar da shi a yi masa tambaya. Da ya ji tsoron kada a ruɗe Tasalonikawa da wasiƙar jabu da sunansa (2 Tasalonikawa 2:2), sai ya karɓi alƙalami ya rubuta gaisuwar ƙarshe da hannunsa, ya kuma gaya musu cewa da wannan alama za su riƙa gane kowace wasiƙa tasa.