Guba Ce Ko Fabo? Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya a Kan Cutar da ke Share Karnukan Gida

A Wagini da ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, daga ɓangaren Batsari har a gangara Safana, ba don ado ake ajiye kare ba. Mafarauci yana da uku ko biyar, mai garke yana da nasa, kuma tun da tsaro ya taɓarɓare a yankin nan, haushin kare da tsakar dare ya zama labarin farko da gida ke samu cewa akwai motsi a waje. Shi ya sa idan karnukan gida guda suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, maganar farko da ke fitowa daga bakin maigida ita ce, "An sa musu guba." Daga nan sai ido ya koma kan maƙwabci. A wurin da kalmar infoma kaɗai ta isa ta jefa mutum cikin bala'i, wannan zato ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne ya sa na ga ya kamata a baje maganar nan a faifai.

Ana sa wa karnuka guba, wannan gaskiya ne. Amma guba tana da kamanninta. Irin maganin ƙwarin nan na fiya-fiya, ko na feshin gona, cikin mintoci ko 'yan sa'o'i yake nuna kansa: dalalar miyau, karkarwar jiki, farfaɗiya, kuma babban kare mai ƙarfi, wanda ya riga sauran kai baki, shi yake fara kayarwa. Cutar da likitocin dabbobi ke kira fabo ba haka take zuwa ba. Ɗan kwikwiyo ne zai wayi gari ya ƙi abinci, ya kwanta lakwas, jiki da zafi. Sai amai. Kwana ɗaya ko biyu sai zawo ya ɓalle, sau da yawa da jini, da wani irin ɗoyi wanda duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Bayan kwana uku ko biyar sai ɗan'uwansa ya bi sahu, sannan na uku, manyan karnuka kuwa suna ta yawonsu. In ka ga ciwo yana bin ƙanana, yana tsallake manya, yana kuma barin kwanaki a tsakani, to ka sauke zargin daga kan maƙwabcinka. Akwai wani nau'in maganin ɓera da ke jawo zubar jini bayan kwanaki, tsutsar ciki ma tana sa zawo da jini, don haka mai raba gardama shi ne gwajin kashin karen, wanda asibitocin dabbobi ke yi cikin kamar minti 15.

Fabo ƙwayar bairos ce, kuma ba tsohuwar cuta ba ce. A 1978 aka gane ta, ta kuma zagaye duniya cikin shekara ɗaya zuwa biyu, daga Amurka zuwa Turai har Ostireliya. Ta baki take shiga, ta hanyar kashin kare mai ɗauke da ita, ta kwana 3 zuwa 7 a ɓoye, wani lokaci har 14. Hanji take ci, ta saɓule fatar cikinsa yadda ruwa da abinci ba za su zauna ba, ta kuma taɓa ɓargo inda jiki ke ƙera sojojinsa. Waɗanda ta fi kamawa su ne 'yan mako 6 zuwa wata 6.

To ga inda jita-jita ta fi yin ɓarna. Za ka ji ana cewa ai cutar karnukan Turawa ce, na masu kuɗin birni, karen gida ba ruwansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: wasu jinsuna irin su Rottweiler da Doberman an san ta fi jigata su. Sai dai bairos ba ya tambayar asali. Abin da ya sa ake ganin kamar karen Hausa ya gagare ta shi ne, waɗanda suka rayu su muke gani. Babban karen farauta da ke gabanka wataƙila ya haɗu da ita yana ƙarami ya tsallake, 'yan'uwansa huɗu da aka haifa tare kuwa ba wanda ya ƙirga su, an dai ce "ba su yi rai ba."

Wasu kuma tsoro ne ya yi musu yawa. Uwargida ta ga zawo da jini ta ce a kori karnukan duka kafin su shafa wa yara da awaki. A nan hankali ya kwanta: fabon kare ba ta kama mutum, ba ta kama akuya ko tunkiya ko saniya ko kaza. Kyanwa ce kaɗai a cikin gida wasu nau'o'inta ke iya taɓawa. Amma yaran da kajin, ko da ba ta kama su ba, suna yi mata dako. Ƙafar yaro, tafin silifas, ƙafar kaza, ƙuda, tayar babur, duk suna kwasar ta daga lungu zuwa lungu, daga gida zuwa gida. Mutumin da ya zo yi maka jaje ya taka inda karen ya yi zawo, shi zai kai ta wa karyarsa mai jego.

"Mun yi musu allura," in ji wani. Wace allura? Yawanci idan ka bincika, ta haukan kare ce, irin wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi, wadda akan yi gangaminta a wajejen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar a duniya. Allura ce mai muhimmanci, don haukan kare yana kashe mutum, kuma kada kowa ya yi sakaci da ita. Sai dai ba ta kare kare daga fabo ko kaɗan. Haka ita ma allurar tsutsa da masu shagon maganin dabbobi ke yi. Ta fabo daban take, galibi a haɗe da ta wasu cututtuka cikin kwalba guda, kuma sau uku ake yi wa ɗan kwikwiyo: yana mako 6 zuwa 8, sai 10 zuwa 12, sai 14 zuwa 16. Dalilin maimaitawar yana da kyau a sani. Ɗan kwikwiyo yana samun kariya daga dakashin uwarsa a ranar farko ta haihuwa, kuma wannan kariyar, muddin tana da ƙarfi, tana kashe kaifin allurar. Tana raguwa a hankali, ba a lokaci guda ga kowane ɗa ba. Akwai 'yan makonni da ta yi rauni har ba ta iya tare cuta, amma tana iya ɓata allura. A wannan tsagar bangon fabo ke shiga. Wanda ya yi allura ɗaya ya tsaya, karensa ya mutu, sai ya ce allurar ce ta banza.

Yanzu a zo kan abin da ya fi damuna, wato tsakar gida. Mutane sun yarda cewa da karen ya mutu ko ya warke, magana ta ƙare, rana za ta ƙone sauran. Ranar bazara ta ƙasar Katsina tana taimakawa, ba musu, a fili inda ƙasa ta bushe ƙayau. Amma ina karya take haihuwa? Ƙarƙashin rumbu. Ina mara lafiya yake jan jiki ya kwanta? Gindin randa, bayan ɗaki, inuwar darbejiya, inda ƙasa ke da sanyi da laima. A irin waɗannan wurare ƙwayar nan tana yin watanni da ranta, tana iya haura shekara. A cikin ɗaki ma tana kai wata biyu ko fiye. Damina kuwa gata take yi mata.

Kuma ba kowane mai ƙarfin wari ne ke kashe ta ba. Izal, Dettol, kalanzir, toka, man goge hannu mai sinadarin barasa, ba ɗaya da za a dogara da shi a kanta, domin wannan ƙwayar ba ta da rigar maiƙo irin wadda waɗannan ke narkarwa. Abin da ke hannun talaka mai aiki shi ne bilic, irin su Hypo da Jik. A duba jikin robar: idan ƙarfinsa 5 ko 6 cikin ɗari ne, murfi ɗaya cikin murfi 30 na ruwa, idan 3.5 ne, ɗaya cikin 20. Sai an fara kwashe ƙazantar an wanke da omo, domin datti yana cinye ƙarfin bilic, sannan a zuba a bar shi jiƙe minti 10 kafin a ɗauraye. Kullum a haɗa sabo, kada kuma a gauraya shi da wani sinadari. Wannan na siminti ne da roba da ƙarfe da takalma. Kwanon ƙarfe ana iya tafasa shi. Kaskon ƙasa da tsohon buhu da tsummokaran da ya kwanta a kai, a fasa, a ƙone, kada a yi tsumulmula. Wanke abin da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai hukunci ne na addini, yana nan a matsayinsa. Kashe ƙwayar cuta aiki ne na biyu da ake ƙarawa a kai.

Ƙasa kuwa ba ta wankuwa da bilic, ko durom aka juye. Abin yi shi ne a kankare saman wurin da fartanya, a kwashe a zuba a masai ko rami mai zurfi, a buɗe wurin rana ta duka, a kewaye shi da ƙaya. Kada kashin ya shiga tarin takin da za a kai gona. Gawar ma haka: jefa ta a juji ko bayan gari raba cutar ne ga karnukan unguwa kyauta. A haƙa rami kamar mita guda, a binne, a ɗora duwatsu don kada a tone.

Na ji masu cewa tunda karnukan sun riga sun cuɗanya, raba su ba shi da amfani. Rabin maganar gaskiya ce, don kare yana fara zubar da ƙwayar kwana 4 zuwa 5 da kamuwa, tun kafin a ga alama. Amma yawan ƙwayar da kare ya haɗiya yana da tasiri a kan tsananin ciwon, kuma mai zawo yana zubar da ita ba adadi. Don haka gida ya kasu uku. Mara lafiya a wurinsa, da kwanonsa, da mutum ɗaya baligi mai kula da shi, da silifas na musamman da ba ya fita daga wurin, kuma shi ne na ƙarshe da ake zuwa wa bayan an sallami masu lafiya. Waɗanda suka yi cuɗanya da shi a ɗaure su a sa musu ido kwana 14, ba farauta, ba kasuwa, ba aro don barbara. Karya mai ciki ko mai jego kuwa a nisanta ta iyakar nisan da gida zai iya. Masu lafiyar da ba su taɓa samun allurar fabo ba, yanzu ne lokacinta, ba sai ƙura ta lafa ba. A babban kare takan fara aiki cikin 'yan kwanaki. Mai ciki dai sai da shawarar likita, mara lafiya kuma ba a yi masa.

Batun magani. Manja da madara da ake ɗura wa kare don "karya guba" amai suke ƙara masa, kuma yana iya shaƙewa. Ja-da-yalo da Flagyl ba sa kashe bairos. Farasitamol da magungunan ciwon jiki na mutane suna iya zama masa gubar gaske. Abin da ke kashe kare a fabo shi ne ƙarewar ruwan jiki da kuma ƙwayoyin hanji da ke tsallakawa cikin jini. Shi ya sa aikin likita yake ƙarin ruwa, allurar tsayar da amai, da allurar kashe waɗancan ƙwayoyin. Da irin wannan kulawa, 7 zuwa 9 cikin 10 suna tashi; ba tare da ita ba, akasarin ƙanana tafiya suke. Na san daga Wagini zuwa asibitin dabbobi a Katsina ba tafiyar wasa ba ce, ga kuɗin mota, ga halin hanya. In ba hali, a nemi malamin dabbobi mafi kusa, a kuma haɗa ruwan gishiri da sukari irin na yara, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan ta gefen baki, dare da rana. Amai na lafawa a fara ba shi kunu mai ruwa-ruwa. Wanda ya wuce kwana uku zuwa huɗu na farko galibi yana tashi cikin mako guda. Akwai masu ganin ɓata lokaci ne a yi wa kare wannan hidima. Mu da muka taso muna jin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, bai kamata mu ga haka ba.

Wanda ya warke yana samun kariya mai daɗewa, wannan gaskiya ne. Cewa ya daina yaɗawa ranar da ya miƙe, ƙarya ce. Yana ci gaba da zubar da ƙwayar kamar kwana 10 bayan warkewa, gashinsa ma yana ɗauke da ita. A ƙara masa mako biyu a keɓe, a yi masa wanka da sabulu tun daga kai har tafin ƙafa, sannan ya koma cikin 'yan'uwansa.

Kuskure na ƙarshe daga zumunci yake fitowa. Abokin farauta ya ji an yi maka rashi, ya aiko yaro da ɗan kwikwiyo a kwali don ya share maka hawaye. Ka yi godiya, ka roƙe shi ya riƙe maka a gidansa har a gama masa allura uku, a ƙara mako biyu. Wanda ba a yi wa allura ba kada ya taka wannan tsakar gida sai an yi wata shida, shekara ta fi. Allurar kuma sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8; wadda ta wuni a aljihu ko a kan teburin kasuwa ta zama ruwa. Mafarauta da ma suna da ƙungiya da shugabanni, kuma a farautar gayya ta rani karnukan ƙauyuka da yawa ke haɗuwa su sha a kwano guda. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirga karnukan unguwa bayan kaka, a haɗa kuɗi, a ɗauko malamin dabbobi da allurarsa cikin kula mai ƙanƙara, a fara da karyoyin da ba a riga an yi wa barbara ba, domin kariyar ta bi dakashi ta isa ga 'ya'yan da za su haifa.